Yadda na nema wa Toka abokiyar zama

A wajenmu in mutum ya ce zai ƙaro zomo na biyu, kowa ya san inda ya dosa. Haihuwa yake so, keji ya cika, ya riƙa kaiwa kasuwa ko yana yankawa a gida. Ni ba don haka na nema wa Toka mace ba, shi ya sa duk wanda na gaya wa sai na yi masa dogon bayani. Toka zomo ne ɗan jinsin Chinchilla, tun yana ƙarami yake hannunmu a nan Zariya. Bai rasa harawa ba, bai rasa ruwa ba, 'yata kuma ba ta shiga ɗaki in ta dawo makaranta sai ta shafa shi. Amma da safe kowa ficewa yake yi, a bar shi shi kaɗai har la'asar. Sannu a hankali ya koma gwaguyar ragar kejinsa, in ya gaji ya lafe a lungu guda, ko ganyen zogale aka miƙa masa sai ya ga dama ya taso.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya daɗe yana kiwon zomaye, shi na fara yi wa maganar. Ya ce, "Malama, ai zomo shi kaɗai yake rayuwarsa. Ki tambayi mafarauta, ɗaya-ɗaya suke tayar da shi." Na ce, "Baba, na daji kake faɗa." Kuma gaskiyarsa ce a kan na daji. Wancan a saman ƙasa yake kwana, 'ya'yansa da gashinsu ake haifarsu, idonsu a buɗe. Na gida kuwa wata dabba ce daban, ko barbara ba ta yiwuwa tsakaninsu. Asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal ne, inda kakanninsa ke haƙa ramuka masu hanyoyi da yawa su zauna jama'a guda, wasu na kiwo wasu na gadi, wanda ya hango haɗari ya buga ƙafar baya a ƙasa kowa ya faɗa rami. Dabbar da aka halitta a haka, in ka ajiye ta ita kaɗai, ita ce mai ci, ita ce mai gadi, ko barci ba ta yi da sakin jiki. Duk son da muke wa Toka, ba mu iya lasar masa ido da bayan kunne, ba kuma za mu kwana kusa da shi ba.

Tun kafin na fara cigiyar mace sai da aka fiɗiye shi. Nan ne mutane suka fi ja da baya, amma lissafin a fili yake. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, tana zuba 'ya'ya shida zuwa takwas, wani lokaci fiye, kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu, domin barbarar ce da kanta ke sa ta saki ƙwai. Wasu tun suna wata 4 sun balaga. Wanda ba kiwon sayarwa yake ba, kafin shekara ta zagayo gidan ya fi ƙarfinsa. In kuma ya ce bari ya haɗa maza biyu ya huta, nan ake ganin jini, don mazan da ba a fiɗiye ba har maraina suke kai wa juna cizo. Haɗin da ya fi zama lafiya shi ne namiji da mace waɗanda aka yi wa aiki su biyun.

Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya bari a yi wa zomo irin dandaƙar da ake wa bunsuru. Hanyar da ke tsakanin marainansa da cikinsa a buɗe take, yana ma iya janye su ciki in ya tsorata, kuma in ba a rufe ta yadda ya kamata ba hanji na iya zurarowa. Aikin likitan dabbobi ne, da allurar barci. Mu a Zariya Allah ya taimake mu da wuraren tambaya, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, a Shika da ke da sashen zomaye. Ko ina mutum ya je, ya tambayi likitan ko ya saba yi wa zomo aiki. Zomo ba ya amai, don haka ba a hana shi abinci daren jajibirin aiki yadda ake wa kare ko kyanwa, tsayawar cikinsa ma ita ce abin tsoro. Bayan aikin sai a jira sati 6, saboda namiji na iya ba da ciki makonni bayan an fiɗiye shi, kuma zafin kansa a hankali yake sauka. Aikin mace ya fi girma, ya fi tsada, mai yinsa ya fi wuyar samu, amma yana raba ta da cikin ƙarya mai sa ta tsige gashinta tana faɗa da kowa, yana kuma kare ta daga dajin mahaifa da ke yawan kama zomanya in ta manyanta.

Ban sayo a kasuwa ba. Gidan mai kiwo na je, don in ga inda take kwana da abin da take ci. Na leƙa cikin kunnuwa ko akwai ɓawo, na duba hanci, na duba ƙafafun gaba, domin mai mura da su yake share hancinsa sai gashin ya cukurkuɗe, sannan na ɗaga ƙasan wutsiya ko akwai alamar zawo. Na ƙi 'yan ƙanana duk da 'yata ta so su. Ƙaramin zomo kowa yake bi, sai ya balaga halinsa ke fitowa, ga shi a ƙuruciya ko masu kiwo kan rikita namiji da mace. Wata fara sol na ɗauka, wadda ta gama girma, ba ta da saurin firgita. Muka sa mata Auduga. Yaron gidan ya kai hannu zai ɗago ta ta kunne na dakatar da shi, aka tallafo ƙirjinta da ƙugunta. Wani ya ba ni shawarar in saya wa Toka ɓeran masar tunda ya fi araha. Wannan ba abokin zomo ba ne, abincinsu ba ɗaya ba, kuma shuri guda na zomo na iya karya shi.

Da muka iso gida, can bayan ɗakin girki aka ajiye ta, inda ko ƙamshin juna ba sa ji. Sabon zomo a keɓe shi aƙalla sati 2. Masu kiwo ba su manta da 2020 ba, shekarar da cutar nan mai sa zubar jini a cikin zomo ta ɓulla a Najeriya ta share garke-garke cikin kwanaki, kuma a hannu da takalmi ma ana ɗaukarta. Kullum Toka nake fara ba abinci, ita daga baya, in wanke hannu. A lokacin nan aka yi mata nata aikin ta warke.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne a ɗauko sabuwa a zura ta kejin na gida. Kamar a kawo amarya ne a sauke ta a ɗakin uwargida ba ko sallama. Zomo yana goga haɓarsa a kan duk abin da yake ganin nasa ne, akwai ƙamshi a wurin da mu ba ma ji, kuma mace ta fi namiji tsananin kare wurinta. Sai na jera kejinansu da ratar tafin hannu a tsakani, suna ganin juna amma baki ba ya kaiwa. Abinci nakan zuba a ɓangaren da ke fuskantar juna. Bayan kwana bibbiyu in musanya ciyawar shimfiɗarsu. Da farko Toka buga ƙafa yake yana watsa kashi a bakin raga. Da na ga kowa ya fara miƙe ƙafa yana kwanciya a gefen da ɗaya yake, na san lokaci ya yi.

A soro na haɗa su, don Toka bai taɓa taka shi ba. Na shimfiɗa buhunan algarara saboda santsin siminti, na tara harawa a tsakiya, na cire duk wani kwali mai ƙofa ɗaya da za a iya ritsa wani a ciki. Lokacin hunturu ne, kuma da gangan na zaɓe shi. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake rage zafi, da an haura digiri 30 ya fara wahala, guje-guje a zafin Afrilu kuwa na iya kashe shi. Bayan sallar asuba ko gab da magariba nake yi, lokacin da dama suke da kuzari, minti 10 zuwa 15. Nakan sa rufaffen takalmi, in riƙe faffaɗan murfin roba, tawul a kafaɗa. Ba a sa hannu tsirara tsakanin zomaye masu faɗa.

Ranar farko kowa ya kama gabansa, ita tana sunsunar bango, shi yana ci. Wanda bai sani ba sai ya ce ba su damu da juna ba, alhali alama ce mai kyau. Daga baya Auduga ta hau bayansa. 'Yata ta ce, "Mama, ai ita ce macen!" Na ce mata wannan ba barbara ba ce, neman girma ne, ana tantance wanda zai zama gaba. Irin wannan nakan bari na ɗan lokaci, sai in ta hau ta wajen kai, nan take nake ture ta, don cizo daga ƙasa yana yin mummunan rauni. 'Yar kora da ɗan tsigar gashi duk cikin zo mu zauna zo mu saɓa ne. Abin da ba a bari shi ne wutsiya ta miƙe, kunnuwa su kwanta baya, a fara gurnani, sannan su shiga zagaya juna da sauri kai da wutsiya. Sun taɓa yin haka, na zura murfin tsakaninsu, na jera su ina shafa kawunansu tare har suka huce, sannan na mayar da kowa kejinsa. Ba na son su rabu da fushi, da shi za su tashi gobe.

Inda muka fi daɗewa shi ne rigimar lasa. Auduga takan zo ta cusa kanta ƙarƙashin haɓar Toka ta yi lamo, tana nufin ya lashe ta. Shi ma sai ya sunkuyar da nasa. Su tsaya goshi da goshi, babu mai niyyar farawa, domin a wurinsu wanda ake lasa shi ne babba. Sai na dangwali ayaba kaɗan na shafa mata a goshi. Toka ya lashe ayabar, ya ci gaba da lasa bayan ta ƙare, ita kuma ta lumshe ido. Daga nan na riƙa tsawaita zaman har suna wuni tare.

Kowane dare nakan bi jikinsu da yatsa ina laluben rauni, domin cizo kan ɓuya a cikin gashi, ruwan ƙurjin zomo kuma kauri gare shi, ba ya fita da kansa. Ina kuma duba kashinsu. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, likita ake kai shi ba jira. Akwai kuma waɗanda ko an yi wata da watanni ba za su shirya ba. Wanda zai ƙaro zomo ya tabbata yana da wurin keji biyu na dindindin tun kafin ya biya kuɗi.

Kafin su tare, na wanke ɗakin Toka da ruwan binega, na sauya wa komai wuri, na sa kwanon ruwa biyu da kwalaye masu ƙofa biyu-biyu. Daren farko a tsakar gida na shimfiɗa tabarma kusa da su. Toka ya bar gwaguyar raga. Yanzu ba na raba su ko na wuni ɗaya, domin wanda ya fita ya dawo da baƙon ƙamshi ɗan'uwansa na iya far masa, aiki ya koma farko. Da za a duba wa Toka haƙori, a kwando ɗaya na kai su asibiti, na ce wa likita ita rakiya ta zo.