Abin da Sanyi Ya Koya wa Masu Shirya Wasan Ƙarshe a Amurka

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Amurka sai gardama ta taso: ya dace a kai wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafar Amurka, wato Super Bowl, garin da dusar ƙanƙara ke zuba, a filin da ba shi da rufi? Hukumar NFL, mai shirya gasar, ta daɗe da ƙa'idarta. Ko dai filin ya kasance rufaffe, ko kuma matsakaicin zafin garin a lokacin wasan ya kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Sau ɗaya tak aka ɗage wannan ƙa'ida, aka buga a filin MetLife na jihar New Jersey ranar 2 ga Fabrairun 2014. Masu kula da fili da masu tsara taro sun tara darussa da yawa a kan wannan batu, kuma yawancinsu ba inda masu gardama ke kallo suke ba.

Wani tsohon darasi daga ƙasa ya fito. Ranar 31 ga Disamban 1967, Green Bay Packers ta karɓi Dallas Cowboys a filin Lambeau, sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili. Filin yana da wayoyin lantarki a binne don dumama ƙasa, kuma an lulluɓe shi da tamfol cikin dare. Ɗumin da ya taso ya tara raɓa a ƙarƙashin tamfol, da aka yaye sai iska ta bugi jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta fara daskarewa, kafin a tashi wasa filin ya zama kamar daɓen siminti. Usur ɗin alƙalin wasa Norm Schachter ya manne masa a leɓe, dole alƙalai suka koma daka tsawa da baki. Shi ya sa a yau ba a shimfiɗa tamfol a tafi barci. Ana hura iska mai ɗumi a ƙarƙashinsa don ya ɗago daga ciyawa danshi ya samu hanyar fita, kuma lokacin yaye shi lissafi ne: a yi da wuri ƙasa ta sha sanyi, a makara ta jiƙe.

Wayar lantarki ma an bar ta a yawancin filaye. Yanzu bututun roba ake jerawa a zurfin kusan santimita 20 zuwa 30, tukunyar dumama tana tura ruwa gauraye da sinadarin gilaikol wanda ke hana shi daskarewa. Manufar ita ce a riƙe saiwar ciyawa a wajen digiri 10, kuma ana kunna shi makonni kafin sanyi ya shiga. Wanda ya jira sai ƙasa ta daskare sannan ya murɗa wuta da ƙarfi, ƙasan zai narke saman yana nan da tauri, ko saiwa ta bushe ciyawa ta riƙa tuɓewa a ƙafar ɗan wasa. Bututu kuma ba ya kwashe dusar ƙanƙara mai yawa, wannan aikin shebur ne da ƙananan motocin share fili. Wurin da ya fi cin amana shi ne gefen fili, inda bututu ya ƙare. Ɗan wasa ya taho a guje a kan ƙasa mai laushi, taku biyu bayan layi ya hau ƙanƙara.

Takalmi da ƙwallo suna da nasu. A wasan ƙarshe na 1934 a birnin Niyok, ƙungiyar Giants ta garin na baya a hannun Chicago Bears a kan daskararren fili, sai suka sauya zuwa takalman ƙwallon kwando masu tafin roba, suka ci 30 da 13. Ƙusar takalmi ba ta shiga ƙasar da ta daskare, a kanta kawai take zamewa. Ita kuwa ƙwallo, doka ta ce iskar cikinta ta kasance tsakanin 12.5 da 13.5 a ma'aunin matsin iska na psi. Idan aka hura ta a ɗaki mai digiri 21 aka fito da ita waje mai sifili, za ta sauka da kusan 2 ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Fatar takan yi tauri da santsi, bugun nesa ya gajarce. Duk wannan sananne ne, ana iya shirya masa, kuma ƙungiyoyin biyu a fili ɗaya suke sha. A Kanada ma sau da dama a buɗaɗɗen fili ake buga wasan ƙarshe na Grey Cup cikin Nuwamba.

Saboda haka a ganina ciyawa ba ita ce hujjar hana garin sanyi ba. Matsalar tana kan kujerun 'yan kallo. Ɗan wasa yana gudu, bencinsa yana da na'urar ɗumi, ga injin hura zafi a gefe, ga likita. Ɗan kallo yana zaune awa huɗu ko biyar, ƙafarsa a kan kankare wanda ke zuƙe ɗumin jiki ta tafin takalmi. Mutanen Green Bay da Buffalo sun san dabara, sukan taho da kwali ko guntun soso su taka a kai. Ranar 13 ga Janairun 2024 a Kansas City, Chiefs da Miami Dolphins sun fara wasa a digiri 20 ƙasa da sifili, da iska ya kai kamar 33 ƙasa da sifili. Hular kwanon ɗan wasan Chiefs Patrick Mahomes ta tsage a wani karo, hoton ya zaga duniya. Abin da ya fi ciwo daga baya ya fito: wani asibitin garin ya sanar cewa an yanke wa mutane yatsun hannu da na ƙafa saboda cin sanyi, kuma cikinsu har da waɗanda suka je kallon. A irin wannan iska fatar da ba a rufe ba tana iya lalacewa cikin rabin awa ko ƙasa da haka, barasa kuma tana yaudarar mai sha, ya ji ɗumi alhali jikinsa zafi yake zubarwa. Waɗannan fa yawancinsu 'yan gari ne da suka saba. Taron Super Bowl baƙi ne daga ko'ina, wasu ba su taɓa mallakar rigar sanyi ta gaske ba.

Sai hanya. A 2014 sa'a aka taka, an fara wasa a digiri 9, Seattle Seahawks ta lallasa Denver Broncos 43 da 8. Washegari dusar ƙanƙara ta kusan santimita 20 ta sauka a yankin, aka soke ɗaruruwan jirage. Ko a ranar wasan da sama ta yi kyau, tsaro ya cinye fiye da rabin wurin ajiye motoci, an hana shiga da ƙafa, jama'a suka tuttuɗa tashar jirgin ƙasa ta Secaucus. Fiye da mutum 30,000 suka nemi jirgi bayan wasa, wasu suka yi sa'o'i a tsaye. Da guguwar ta riga zuwa da awa goma sha biyu, da wannan layin a cikinta zai tsaya.

Rufi kuma ba ya magance wannan. A 2011 a Arlington ta jihar Texas, filin rufaffe ne, amma ƙanƙara ta zamo daga saman rufin ta jikkata ma'aikata shida, titunan yankin suka yi kwanaki a daskare don garin ba shi da isassun motocin zuba gishiri. Atlanta ta ga irin haka a 2000, ba a sake kai mata wasan ba sai 2019. Minneapolis kuwa, wadda ta fi su sanyi nesa ba kusa ba, ta yi nata a 2018 lami lafiya, domin share titi sana'arta ce ta kullum.

Akwai bambanci tsakanin wasan neman kaiwa Super Bowl da shi kansa Super Bowl. Na farko ƙungiya ce ta ci shi da guminta a kakar wasa, don haka sanyin gidanta haƙƙinta ne, kuma ana iya ɗage shi. A Janairun 2024 an matsar da wasan Buffalo da Pittsburgh daga Lahadi zuwa Litinin, ƙungiyar Buffalo ta ɗauki mutanen gari aikin shebur a kan dala 20 duk awa. Super Bowl kuwa ana zaɓen gari shekaru kafin ranar, da otal-otal da tikitin jirgi da tallan talabijin duk a ɗaure da ita. A 2014 NFL ta tanadi tsarin matsar da wasan tsakanin Juma'a da Litinin, ba a dai kai ga gwada shi ba.

Garin da ke son wasan a buɗaɗɗen fili, sai ya nuna bututun ɗumi har bayan layin gefe, da ɗakunan shan ɗumi da za su ɗauki dubbai lokaci guda, da hanyar fita fiye da layin dogo ɗaya. Sannan a rubuta tun farko digiri nawa ne za a ce an fasa yau. Hukumar UEFA ta Turai tana da irin wannan iyaka a ƙwallon ƙafa, digiri 15 ƙasa da sifili. NFL ba ta da adadin da ta tsayar, kuma da tana aiki da na UEFA, da wasan Kansas City ya faɗa cikin waɗanda za a iya ɗagewa.