Leipäjuusto karo na biyar: yau dai tabon ya fito

'Yan uwa masu koyo, yau kam sai godiya ga Allah. Da na buɗe obin na ga tabon nan ruwan ƙasa da baƙi-baƙi ya bazu a saman leipäjuusto ɗina, wato gasasshen cukun nan na Finland, wallahi sai da na tsaya ina kallonsa ban ko taɓa ba. Sau huɗu ina yi yana ƙi, lita 20 na madara kenan, kuma madarar da ba a markaɗe kitsenta a inji ba ta fi ta kullum tsada a nan garin Oulu na Finland, wajen yuro 30 suka tafi banda renet, wato abin daskarar da madara, da na siyo a kemis.

Na farko ba sai na daɗe a kai ba, laifin madara ne. Irin mai daɗewa a kwali na ɗauko, wadda aka dafa da zafi sosai, ita kuwa ko kwalbar renet za ki juye ba za ta kama ba. Tunda na canja madara, na riƙe zafin a digiri 37 da ma'auni, rabin awa take daskarewa lafiya lau, wuƙa ta shiga ta fito fes.

Inda na sha wuya shi ne gashi. Karo na biyu da na uku duk abu ɗaya, in shimfiɗa shi a tire ya yi kyau fari tas kamar faifai, ina sakawa a obin sai ya fara tsatsafo da ruwa, kafin minti 10 yana iyo a cikin ruwan nan mai ɗorawa-ɗorawa, in ƙara lokaci in ƙara wuta amma saman na nan fari sol, gefen kuma ya soma tauri. Raina ya ɓaci sosai ranar na ukun, don baƙi na gayyata. Karo na huɗu sai na ce to bari in matse shi tun kafin ya shiga, na ɗora masa tukunya cike da ruwa kusan awa 3. Ya yi tabo kam, amma ya bushe ƙamas, taunawa kamar roba, daɗin madarar nan duk ya bi ruwa.

Wata dattijuwa maƙwabciyata, mutuniyar yankin Kainuu na Finland ce, ita ta warware min. Ta ce a gidansu da, ba kwance ake gasa shi ba, a kan katako ake ɗora shi a jingina yana fuskantar wuta, ruwan na ɗiga ƙasa da kansa. Nan take na gane. Muddin ruwa na kwance a tiren tururi ne ke dafa cukun, kuma abu mai jiƙe ba ya yin ja komai wutar da kika ba shi. Ashe ba matsa ce ta yi kaɗan ba, ruwan ne bai da hanyar fita.

Don haka yau na yanka daskararriyar ƙanana, na barta minti 15 ta saki ruwa, na kwashe a gwagwa da kyallen tata, gishiri kaɗan, na danna da tafin hannu kawai har kaurinsa ya kai kamar santimita 3. Obin a digiri 250, wutar sama, tire a hawa na can sama. Sai na tsaya a gaban obin ɗin ban je ko'ina ba, duk minti 4 ko 5 in zaro in karkata tiren in tsiyaye ruwan a kofi in mayar. Sau uku na tsiyaye, a na ukun ne na ga ɗigon farko ya fito a tsakiya, daga nan kuma da sauri yake yi, in kika juya baya zai ƙone.

Da ɗuminsa na yanka, ya yi ƙii-ƙii a haƙori kamar yadda ake so, shi ya sa ma wasu ke ce masa narskujuusto, wato cuku mai ƙii-ƙii. Na ɗora masa jam ɗin lakka, 'ya'yan itacen nan masu ruwan lemo da ke fitowa a fadamun arewa wajen ƙarshen Yuli, su ne a bayan kwabon yuro 2 na Finland. Ƙaramar kwalba ce amma kuɗinta ya cije ni, sai dai tsami-tsamin nan da zaƙi a kan cuku mai maiƙo, gaskiya ban yi da-na-sani ba. Sauran na yanka ƙanana na zuba a kofi na kwarara gahawa mai zafi a kai, irin na mutanen arewacin ƙasar. Ba ya narkewa, laushi yake yi ya tsotse gahawar, ki shanye sannan ki bi da cokali. Ni dai na jam ɗin ya fi min.

Abu ɗaya ya rage, juyi. Da na kifa faranti zan juya shi don gasa ɗaya gefen sai ya tsage kusan rabi, ina ga da zafi na yi gaggawa, gaba zan bar shi ya huce minti 5 tukun. Kuma ina so in gwada da dakashi, don asalinsa da nonon farko na saniyar da ta haihu ake yi, ana samunsa a daskare a wasu shaguna. Dattijuwar ta ce da har busar da shi suke yi a ajiye ya daɗe, sai na tuna cukun da ake kawo mana tsaraba daga Nijar. Wadda ta taɓa juya nata bai tsage ba, dan Allah da faranti kika yi ko da katako?