Madatsar Mu'awiya a Kwarin Saisad

Shekarata goma sha ɗaya a Makka ban san da wurin nan ba, sai da Kawu ya ce in kai shi. Magini ne, a aikin gini ya tsufa a ƙasar nan, yanzu gwiwa ta zaunar da shi. Ranar Asabar muka bar Shara Mansur muka hau hanyar Hada mai kwane-kwane zuwa Ɗa'if, birai sun jeru bakin titi suna jiran a jefa musu wani abu.

Saisad kwari ne a wajen garin Ɗa'if, duwatsu da itatuwan ƙaya ko'ina, ga iska mai sanyi wadda mutumin Makka yake marmari. A can madatsar ruwan take, wadda aka gina a shekara ta 58 bayan Hijira, zamanin Mu'awiya ɗan Abu Sufyan, Allah ya ƙara masa yarda. Kusan shekara 1,400 ke nan.

Na yi kuskure biyu tun kafin mu isa. Na tsaya sayen 'ya'yan itace a gari har rana ta take, kuma da silifas na zo. Tsakuwa ta yi ta zamar da ni, ƙaya ta shige min dunduniya. Na so in ajiye mota a tsakiyar kwarin don inuwa, Kawu ya hana. "Kai ɗan nan, busasshen kwari ba a amince masa. Ruwa zai sauka a kan dutse can nesa, kai kana nan rana na dukanka, sai dai ka ji rugugi." Na mayar da ita kan tudu.

Ni rubutun na zo gani, wanda aka sassaƙa a jikin dutse kusa da madatsar. Da tsakar rana kusan ba ya karantuwa, haske ya shafe shi. Sai bayan la'asar, da rana ta karkata, inuwa ta kwanta cikin kowane harafi, layukan suka fito. Rubutun Kufi ne, wato wani tsohon salon rubutun Larabci, wasu haruffan da ɗigo, kuma yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen Larabci masu ɗigo da aka sani. Ya ce madatsar ta bawan Allah Mu'awiya ce, Amirul Muminina, Abdullahi ɗan Sakhr ne ya gina ta da izinin Allah. Sai addu'a, Allah ya gafarta wa Mu'awiya, ya tabbatar da shi, ya taimake shi, ya amfanar da muminai da shi.

Duk wannan lokaci Kawu yana jikin ginin. Ya dafa sanda yana bin duwatsun da tafin hannu, yana cusa yatsa a tsakaninsu. Ya nuna min yadda aka ɗora kowane dutse a kan gaɓar biyun da ke ƙasansa, aka toshe ramuka da ƙanana. Da ni kaɗai na zo, tarin duwatsu zan gani in ɗauki hoto in wuce.

Da na karanta masa rubutun, ya ce in maimaita sunan maginin. Na maimaita. Ya yi shiru, sannan ya ce gidajen da ya gina a Makka yawancinsu an rushe, ko ɗaya babu sunansa a jiki.

"Kawu, magariba ta kusa."

"Bari tukuna." Ya ɗaga hannu ya yi wa Abdullahi ɗan Sakhr addu'a, ni ma na shafa.