Don Allah in zuma ta sauka a gidanka kar ka kawo wuta

Da zarar sanyi ya wuce itatuwa sun fara fure to lokacin tashin zuma ya yi. Sai a wayi gari a ga wani dunƙule yana reto a reshe ko jikin katanga, ƙudan zuma dubbai sun hau kan juna, nan take hankali ya tashi, wannan ya ce a kawo fetur wancan ya ce a kawo maganin feshi. Haba jama'a.

Amyarsu ce fa ta cika, abinci ya wadata 'ya'ya sun yi yawa, sai tsohuwar sarauniya ta kwashi wajen rabin ma'aikata ta fice ta bar wa sabuwa gidan. Kafin tafiyar ma sai sun rage mata abinci ta ɗan rame don ta iya tashi, su kuma kowacce ta cika cikinta da zuma a matsayin guzuri. Shi ya sa a wannan halin ba su cika harbi ba, ba saƙa ba 'ya'yan da za su kare. Ban ce ka je ka sa hannu ba fa, musamman wanda jikinsa ba ya ɗaukan harbin, shi kam ya yi nisa.

Zango suka yi kawai, wani lokaci awoyi wani lokaci kwana biyu uku. Wasu 'yan kaɗan a cikinsu ke fita neman masauki, wadda ta samo kogo mai kyau sai ta dawo ta hau bayan 'yan uwanta tana rawa tana karkaɗa gindi, rawar ce ke nuna musu wajen da nisansa. Wani masanin dabbobi mai suna Karl von Frisch ne ya warware ma'anar rawar nan, har ya samu kyautar Nobel a 1973, wani masanin ƙudan zuma Thomas Seeley kuma ya gano sun fi son kogon da ya kai kamar lita 40.

To abin yi, a janye yara da dabbobi, kar a yi jifa kar a watsa ruwa, a kira mai kiwon zuma, da yawansu murna ma suke don amya ce ta zo musu a ɓagas. Zai shimfiɗa zani ya tara kwali a ƙarƙashi ya girgiza reshen da ƙarfi sau ɗaya su zubo rif, in sarauniya ta faɗa ciki za ka ga wasu sun tsaya bakin kwalin sun ɗaga gindi suna kaɗa fiffike, ƙamshi suke bazawa na kiran sauran. Sai a bar kwalin a wurin har magariba, waɗanda suka fita su dawo kafin a rufe.

In ko sun riga sun shige bango ko silin sun fara saƙa, feshi asara ce biyu, ka kashe su sannan zumar ta tsiyayo ta yi tsami ta jawo maka tururuwa da ɓeraye. Dole dai a buɗe wurin a ciro saƙar duka, a toshe ramin.