Keke uku, bokiti biyar: yadda gyara da rini suka riƙe min ɗakin ɗinki

In aka ce mace tana ɗinki a gida abin da yake zuwa wa mutane a rai shi ne a kawo mata sabuwar atamfa, a buɗe waya a nuna mata hoto, ta ɗinka a biya ta. Ni ma da haka na fara, kuma har yanzu ina yi, amma maganar gaskiya abin da yake ciyar da ɗakina a nan Gwammaja cikin Kano yanzu gyara ne da rini, aikin nan da a da in an kawo min nake ɗan ɓata fuska ina ganin kamar an raina min sana'a.

Kekuna uku gare ni. Akwai Butterfly na ƙafa da na gada wajen Innarmu, wanda ya girme ni amma ko yau ki ɗiga masa mai zai yi ta tafiya kamar sabo, sai na wuta guda ɗaya, sai na wibin na tattare bakin yadi. Yara biyu ne suke koyo a hannuna, sai ƙanwar maigidana da take taya ni guga da sa maɓalli in ta dawo daga Islamiyya. Bokitan rini kuma suna can bayan gida kusa da makwarara, don maigida ya ce in dai warin nan zai shigo masa ɗaki to sai dai a zaɓa, ko shi ko bokitin.

Innarmu ba ta taɓa yanka da takarda ba, alli ne da tef da ido kawai, ta shimfiɗa yadi a tabarma ta zana ta yanke. Ni hannuna bai kai nata ba, shi ya sa na koma fatan. Ina samun takardar buhun siminti, wancan na takarda ba na leda ba, in kakkaɓe in goge in zana jikin mutum a kai, gaba daban baya daban hannu daban, in rubuta sunan mai shi da ranar da na auna ta in rataye a ƙusa. Ƙa'idar ba wuya, awon ƙirji ki raba huɗu, ƙugu haka, mazaunai haka, ki ƙara ɗan sakewa yadda mutum zai iya numfashi ya ɗaga hannu, sannan ki bar alawas ɗin ɗinki. Ni inci biyu nake bari a kowane gefe in dai yadin ya isa, wasu telolin rabin inci suke bari don su ci ragowar yadi, kuma su ne suke sa mu kuka daga baya in an kawo gyara, ki farke riga ki ga babu abin da za ki saki ko na sisin kwabo.

Inda aikin yake shi ne gyara fatan ɗin in jiki ya canja, kuma jikin mace ai ba ya zama wuri ɗaya, aure, ciki, haihuwa, shayarwa, azumi. Kuskuren da yarana suke yi kullum shi ne in an ce Hajiya ta ƙara inci huɗu a ƙirji sai su ƙara inci ɗai-ɗai a gefe su ce an gama. Rigar za ta shiga, amma gabanta zai ɗage sama bayanta ya sauka, saboda ƙirji ba faɗi kaɗai yake ci ba har tsawo yake ci. Abin da nake yi, in tsaga takardar gaban daga ƙasa zuwa kan ƙirji, daga nan zuwa ramin hammata, in buɗe ta daidai abin da ake buƙata, in manna wata takarda a ƙarƙashi, sai dat ɗin, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa don riga ta zauna a ƙirji, ya ƙara girma, kafaɗa da wuya kuma suna nan yadda suke. Don kafaɗa ba ta cika ƙaruwa ba, ki ƙara ta ki ga riga tana zamewa mutum yana ta jan ta sama a wajen biki. Sannan duk abin da kika taɓa a ramin hammata sai kin taɓa kan hannun rigar, in ba haka ba ba za su haɗu ba, ko ya tattare ko ya ja.

Sai kuma rigimar hoto. Za a turo miki wata doguwa siririya a Instagram, an ɗaure ta da fil ta baya an ɗauki hoton daga ƙasa, a ce irin wannan sak. Ni yanzu ba na gardama, sai in ce Anti zo mu tsaya gaban madubi, in riƙe yadin a jikinta in nuna mata inda yankan ƙugun zai faɗo mata, yawanci da kanta take cewa a ɗan ɗaga shi sama. Turmin atamfa yadi shida ne, ba ya ƙaruwa don an so shi, in zanen manyan furanni ne masu kai da gindi to dole kowane yanki ya kalli sama, wannan kaɗai yana cinye kusan rabin yadi. Na taɓa yanka bayan siket tsuntsayen jiki suna kallon ƙasa, mai kayan ba ta lura ba sai da kishiyarta ta nuna mata, ki ƙiyasta irin wayar da na sha a daren.

Gyara ya ƙaru min sosai ne tun 2023, bayan an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, dala ita ma ta tashi, kuma mafi yawan abin da yake Kantin Kwari daga waje yake zuwa, galibi Chana, tunda masaƙun Kaduna da na nan Kano yawancinsu sun daɗe da rufewa. Matan da suke ɗinka kala biyar da sallah suka koma biyu, sai aka fara buɗe akwatunan lefe. Zani da ɗankwali na tsohuwar Holan su zama doguwar riga, babbar rigar maigida da wuyanta ya cinye ta fitar da kaftani biyu na yara maza har da ragowa, bubu ya koma riga da siket. Farke ɗinki ya fi ɗinki cin lokaci, reza ce da haƙuri, in yarinya ta yi gaggawa ta huda yadi shi ke nan. Kuma tsohon yadi in kin saki gefensa sai ki ga layin da ke ɓoye a cikin ɗinki ya fi sauran jikin duhu saboda rana da omo ba su taɓa shi ba. Wannan layin ne ma ya tura ni ga rini.

Rinina na farko na kuɗi abin kunya ne. Wata maƙwabciyarmu ta kawo fararen shadda guda shida da 'yan uwanta suka yi anko da su shekara biyu baya, ta ce a mai da su ruwan bula mai duhu su sake fita da su wani bikin. Na siyo garin rini da soda da haidiros, sinadaran da ake haɗa shi da su, na haɗa na tsoma, kala ta fito kyau har ina yi wa kaina kirari. Da suka bushe sai ga kowane layin ɗinki fari tas, surfanin wuya fari, shafin ciki kuma ya koma wani ruwan toka-toka kamar tsumman goge tukunya. Ashe zaren da muke ɗinki da shi na roba ne, wannan rinin kuwa auduga yake kamawa. Uku daga cikin rigunan kuma sun ɗan tsuke. Matar da ta gani cewa ta yi, ai dama a rina, ban san ko da gangan ta zaɓi kalmar ba. Kwana huɗu na yi ina farke ɗinkin sama ina maye shi da zare mai kalar, ban karɓi ko naira ba.

Bayan nan ne na sa ƙanina ya raka ni marinar Ƙofar Mata, nan kusa da asibitin Murtala, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a wajen. Na sha wucewa a adaidaita ban taɓa shiga ba. Su nasu ba irin nawa ba ne, ganyen baba ne da toka da kanwa da ruwa a cikin karofi mai zurfi a ƙasa, a bar shi makonni ya nuna kafin a fara tsoma komai. Wani dattijo yana zaune a bakin raminsa, ya tsoma yadi ya ɗago ya ɗan riƙe shi a iska ya mayar, haka yake ta yi ba gaggawa. Na gaishe shi na ce Baba me ya sa ba za a bar shi a ciki kawai ya jiƙu ba? Ya yi dariya ya ce 'yata duba nan, ya ɗago yadin, yana fitowa kore-kore ne, a gaban idona ya juye shuɗi. Ya ce ruwan yana shigar da shi ne, iska ce take kama shi. Daga gefe kuma ana jin mabuga suna ta dukan kaya a kan gungume har sai sun yi sheƙi, irin aikin da ya fito da sunan Kura wajen turkuɗin da Buzaye suke naɗawa.

Abin da ya faɗa ɗin nan shi ne dai yake faruwa a bokitina, sai dai nawa na kanti ne mai sauri. Soda da haidiros su ne suke narkar da garin ya shiga cikin zaren audugar, iska kuma ta mai da shi wanda ba ya narkewa ya maƙale a ciki. Shi ya sa kalar da kike gani a bokiti ba ita ce ta gaskiya ba, kar ki tsorata ki ƙara gari. Kuma gishirin nan da kowa yake cewa a zuba don kar ya zuba, ba shi ne yake riƙe wannan irin ba, na wanda ake dafawa a tukunya ne.

Yanzu kafin in taɓa kayan kowa sai na zare ɗan zare daga cikin alawas na kyasta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri yana warin leda. In na roba ne sai in ce Hajiya ki yi haƙuri ki tafi da kayanki, ko nawa za ki ba ni. In auduga ne sai a wanke shi tas a fitar da sitati da maiƙo, shadda musamman, a tsoma shi yana jiƙe ba busasshe ba, in ba haka ba jirwaye zai yi. Ruwa mai zafi, bokitin roba, ban da tukunyar alminiyam don soda cin ta take. Sodar ake zubawa a ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba. Safar hannu ta roba mai tsawo, takunkumi, a fili inda iska take, yara kuma a kore su can nesa, ina da tabo a tsintsiyar hannuna na ranar da na ce ai guda ɗaya ne bari in yi sauri. Haidiros kuwa in ya sha iska ya mutu, na taɓa siyo wani a hannun wani mai shago da ya daɗe a buɗe, rinin ya zauna a saman yadi kawai, wanki ɗaya ya bi ruwa. Tun daga nan kaɗan-kaɗan nake siya in ɗaure a leda biyu in sa a roba mai murfi.

Rini ba fenti ba ne, ba ya rufe abin da ke ƙasa, haɗuwa yake da shi. Rawaya ki sa mata shuɗi kore za ki samu, ja ki sa masa shuɗi ya tafi wajen ruwan makuba, baƙi kuwa ba ya komawa fari. Tabon bilic shi ma sau da yawa yana nan yana leƙowa ko an rina. Irin waɗannan ɗauri nake musu, in tattara wajen tabon in ɗaure tam da zaren buhu, wani wajen in sa ɗan dutse ko ƙwallon dabino a ciki in ɗaure, in an kwance sai ga zobba-zobba, tabon ya ɓace a cikin ado. Yarabawan Abekuta sun yi nisa a wannan da adirensu, matan Bamako ma haka a shadda, ni dai ɗan abin da zai rufa asirin riga nake yi. In kuma sabon farin yadi ne to rini kafin yanka, kullum, ya gama tsukewarsa tukuna sannan almakashi ya taɓa shi.

Wajen kuɗi ne har yanzu muke fama, mutane suna ganin tunda kayan tsoho ne kuɗin gyaransa ma ya zama tsoho. Na daina faɗin farashi a tsaye a ƙofa, sai na juya rigar ciki na duba alawas, na ƙona zare, sannan in faɗa, kuma rabi a hannu kafin in siyo gari. 'Yan uwa ne matsalar, "Yaya ai ke ce", da wannan ba a siyen gawayin guga.

Yanzu haka akwai wata tsohuwar farar shadda a jiƙe a baho, ta wata baiwar Allah ce, ta mahaifinta ce da ya rasu, tana so a rina ta ruwan ƙasa a fitar wa ɗanta kaftani na saukar Alƙur'ani. Na ƙona zaren jikin, auduga ce zalla, aikin wuyan ne ban yarda da shi ba, don haka na farke shi na ajiye mata a leda daban. Gobe da safe in an samu ruwan zafi kafin rana ta yi sama zan tsoma.