Tsakanin Tamburawa da Bakin Famfo

Duk wanda ya bi hanyar Zariya ya tsallake gadar Tamburawa da damina ya ga kalar ruwan Kogin Kano, jajawur da laka, kuma daga wannan ruwan ne ake tace kaso mai yawa na abin da birnin Kano yake sha. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne domin ta tace lita miliyan 150 a kowace rana, kuma kogin da take ɗiba yana samun ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako.

Aikin tacewar ba wani sirri ba ne. Ana zuba alimun domin ƙurar da ke yawo a cikin ruwan ta dunƙule ta kwanta a ƙasan manyan kwatamai, sannan a bi da ruwan ta cikin yashi ya tsane sauran datti, daga ƙarshe a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Iyayenmu ma da alimun suke kwantar da ruwan randa.

Ni a ganina, matsalar tana farawa ne bayan ruwan ya bar matata. Injinan da ke tura shi zuwa tankuna irin na Goron Dutse da lantarki suke aiki, idan kuwa wuta ta ɗauke, ƙarfin ruwan da ke cikin bututu yakan faɗi. Da yawa daga cikin tsofaffin bututun cikin gari sun tsattsage, wasu kuma ta cikin lambatu suka ratsa, don haka da zarar bututu ya zama fanko sai ya riƙa zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi. Shi ya sa ruwan farko da ke fitowa ranar da aka kawo famfo yake zuwa da wari, har matan gida suka saba zubar da bokitin farko.

A sababbin unguwanni irin su Ɗanbare kuwa, gini ya riga bututu isa. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, marar hali ya jira ɗan garuwa da kurarsa, ya sayi jarka wadda ruwan cikinta bai taɓa haɗuwa da kulorin ba, a kan kuɗin da ya ninka na famfo.