Gasar tseren da muka ƙirƙira a aji, da abin da ta nuna mini game da rabon maki

Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a nan Damagaram. Darasin da ya fi ba ni wahala kowace shekara shi ne na yiwuwar aukuwar abu da na matsakaici. Yara suna haddace ƙa'ida, su rubuta ta daidai, amma da ka sauya lamba ɗaya sai su tsaya suna kallon allo. Bara na yanke shawarar shigo da abin da nake so tun ina saurayi cikin aji, wato tseren motoci masu kujera ɗaya, waɗanda tayoyinsu ke waje babu rufi.

Ba babbar gasar Formula 1 na kwaikwaya ba. Na ɗauki ƙanwarta, Formula 2, wadda ake yi a fili ɗaya kuma a ƙarshen mako ɗaya da babbar, kamar yadda ƙananan 'yan kokawa ke share fage kafin manya su shigo. Tun 2017 take ɗauke da wannan suna, kafin nan GP2 ake ce mata, kuma ita Lewis Hamilton, shahararren direban Formula 1, ya ci a 2006. Abin da ya ja ni gare ta shi ne kowa mota iri ɗaya yake tuƙawa: jikin na kamfanin Dallara, injin na Mecachrome, tayoyin na Pirelli. Babu mai cewa motar wane ta fi tawa. Saura direba da shawarar da shi da mutanensa suka yanke.

Na raba ajin gida goma, kowace ƙungiya da mota ɗaya da launinta. Muka tsara tsere takwas, duk a kan allo, muka raɗa musu sunayen garuruwanmu: Mirriah, Magaria, Matamaye, Tanut, Gure, har na ƙarshe da muka ce a cikin Birni za a yi, a wuce ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Duk Alhamis ɗin da ta zo da tsere, muna ware rabin awa na ƙarshe. Gwajin tambaya biyar ne ke nuna wanda zai tashi a gaba. Kowane tsere jifa uku ne na ƙwayar ludo. Mai son lallaɓawa ya jefa ƙwaya ɗaya. Mai son kai farmaki ya jefa biyu ya ɗauki babbar, amma in suka fito da lamba iri ɗaya, motarsa ta bar hanya, ya tashi babu komai. Makin kuwa na dogon tseren Formula 2 na kwafo: 25 ga na ɗaya, sai 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, 1.

Lissafin ya shiga yadda ban taɓa gani ba. Kafin tsere na uku, yara da kansu suka gano cewa cikin hanyoyi 36 da ƙwayoyi biyu ke faɗuwa, 6 ne ke kawo haɗari, wato ɗaya cikin shida. Wani yaro da ba ya ko ɗaga hannu ya fito allo ya nuna cewa wanda ya kai farmaki sau uku a jere, damar ya isa ƙarshe 125 ce cikin 216, ta ɗan haura rabi kawai. Ban koya masa wannan ba tukuna. Son ƙungiyarsa ta ci ne ya kai shi can.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba wannan ba ne.

Masu jar mota farmaki suke kaiwa kowane jifa, kuma ya yi musu kyau: kafin tsere na ƙarshe sun zo na ɗaya sau huɗu, sun yi haɗari sau biyu, sun zo na biyar sau ɗaya, maki 110. Masu koriyar mota, da wata yarinya 'yar Zango ke riƙe musu littafi, ba su taɓa zuwa na ɗaya ba, ba su kuma taɓa sauka ƙasa da na huɗu ba. Sai sun ga inda sauran suke kafin su zaɓi ƙwaya ɗaya ko biyu. Makinsu 108. Aji ya ɗauki zafi. Yaran jar mota suka same ni da hujjar da ta shige ni: Mushe, a kokawa wa ya taɓa ɗaukar takobi bai kada kowa ba? A ƙara wa na ɗaya maki, ya zama 30.

Na yarda da su a zuciyata, don ni ma ina son mai ƙwazo da ƙarfin hali. Har na ɗauki alli zan gyara jadawalin. Sai yarinyar nan ta miƙe, cikin ladabi, muryarta na ɗan rawa, ta ce: "Mushe, da tun farko aka ce 30 ne, da ba haka muka yi wasanmu ba. Mun bi abin da ka rubuta." Na ajiye allin. Gaskiyarta ce, kuma na ji nauyin cewa saura ƙiris in ƙwace wa yara shida abin da suka yi watanni suna ginawa, don kawai salon wasu ya fi burge ni.

A tseren Birni jar mota ta sake kai farmaki, jifa na uku ya fito huɗu da huɗu. Koriya ta zo ta uku, ta kammala da 123, ja ta tsaya a 110. Da na yi gyaran nan, nasarori huɗun sun ƙara wa ja maki 20, ta zama 130, kuma da zakara ya sauya ba tare da an sake jifa ko ɗaya ba. Na sa ajin suka yi wannan lissafi a allo, kowa ya gani da idonsa.

Na kuma gaya musu cewa a gasar gaske ma haka na faruwa. A 2023 Théo Pourchaire, ɗan Faransa, ya zama zakaran Formula 2 da nasara ɗaya tak, alhali Frederik Vesti da ya ci tsere shida ya ƙare na biyu. A 2024 Leonardo Fornaroli, ɗan Italiya, ya ɗauki kofin Formula 3, gasar da ke ƙasa da Formula 2, ba tare da ya ci tsere ko ɗaya ba, aka raba gardama a zagayen ƙarshe a filin Monza na ƙasar Italiya. Yaran jar mota ba su gamsu ba, kuma ban matsa musu su gamsu ba. Tambayar ko cin tsere ya kamata ya fi haka daraja tambaya ce mai kyau. Lokacin da aka tayar da ita ne bai dace ba.

Daga nan na koma kan littafin makina na gaske. Sau nawa na sanar a farkon zango cewa ƙananan gwaji za su shiga lissafi, sannan daga baya na zubar da ɗaya don yawancin aji sun faɗi, ko na ƙara wa wani nauyi don ya yi kyau? Ina ɗauka tausayi nake yi. Ban taɓa tsayawa na duba yaron da ya tsara karatunsa bisa abin da na faɗa tun farko ba, wanda ya hana kansa barci saboda gwajin da na zubar. Irin wannan yaro yawanci ba ya magana, maki 12 ko 13 cikin 20 yake samu kullum, shi ya sa ido ba ya kai wa gare shi.

A Formula 2 wanda ya zama zakara ba ya sake dawowa gasar, dole ya nemi gaba. Yarana ma sun wuce aji na gaba, sabbi sun zo. Bana, kafin a jefa ƙwaya ko ɗaya, na rubuta dokokin gasar a shafin farko, na rubuta yadda zan raba makin zango a shafi na biyu, muka karanta su tare. Ƙanen ɗaya daga cikin yaran jar mota yana ajin, kuma ya zo da saƙon yayansa: a mai da na ɗaya 30. Na ba shi minti biyar a gaban allo, na ba masu ja da shi minti biyar, aka ɗaga hannu. Masu son 30 suka yi rinjaye, muka rubuta, kowace ƙungiya ta sa hannu a ƙasa.